Sharhi: Ilimin Furucin Japananci da Batun Rage Lafazin Baƙunta

Ana jin maganganu biyu masu karo da juna a bakin masu koyon Japananci, kuma kowacce tana da mabiyanta. Ta farko ita ce wadda akan tari sabon ɗalibi da ita: wai a cikin manyan harsunan duniya babu mai sauƙin furtawa kamar Japananci, tunda wasulansa biyar ne, gaɓoɓinsa gajeru, kuma yadda aka rubuta shi haka ake karanta shi, saboda haka a zuba ƙarfi a kan nahawu da haddar kanji, baki zai daidaita da kansa. Ta biyun ta yi ƙarfi ne a 'yan shekarun nan ta hanyar darussan bidiyo da ake sayarwa a intanet. Ita kuma cewa take duk wanda bai kiyaye hawa da saukar muryar kowace kalma ba wahalar banza yake yi, Japanawa suna saurarensa ne kawai don kara. Batun ba na 'yan tsiraru ba ne. Ƙidayar da Gidauniyar Japan ta yi a 2021 ta nuna kusan mutum miliyan 3.8 ne ke karatun harshen a ƙasashe da yankuna 141, kuma baƙin da ke zaune a Japan sun haura miliyan 3.7 a ƙarshen 2024, da yawansu a ayyukan da ba sa yiwuwa sai da magana. Matsayin wannan sharhi shi ne duka maganganun biyu sun kauce wa inda gizo ke saƙa. Abin da ke tona baƙo a Japananci ba baƙaƙe da wasula ɗaiɗai ba ne, tsawon sauti ne da karin murya, abubuwa biyu da kunnen babba ba ya kamawa sai an nuna masa. Amfanin ilimin furuci shi ne buɗe wannan kunne, kuma abin da ya dace a nema da shi shi ne sauƙaƙa wa mai sauraro, ba ɓatar da asali ba.

Ma'anar kalmomin da za a yi aiki da su

Ilimin furuci shi ne nazarin yadda ake samar da sautukan magana: inda harshe ke taɓawa, yadda leɓɓa ke tsayawa, ko tantanin maƙwallato na karkarwa ko ba ya yi, da tsawon lokacin da sauti ke ɗauka. Ɗan'uwansa shi ne ilimin tsarin sauti, wanda ke duba waɗanne bambance-bambance ne harshe ya ɗauka da muhimmanci har suke canza ma'ana. Lafazin baƙunta kuwa shi ne burbushin harshen farko da ke bin mutum cikin harshen da ya koya daga baya. Ya sha bamban da karin harshen yanki: Basakkwace da Bakano kowa da karinsa, amma dukansu 'yan gida ne. Kana su ne haruffan Japan masu wakiltar sauti, nau'i biyu ne, hiragana da katakana, kowanne da harafi 46 na asali. Kanji su ne alamomin da aka aro daga Sin, masu ɗauke da ma'ana. Roomaji shi ne rubuta Japananci da haruffan boko. Kalmar da ta fi kowacce nauyi a wannan sharhi ita ce haku, wadda masana ke kira mora: ɗan bugun lokaci guda da Japanawa ke auna magana da shi. A nan za a ninka wasali a rubuce duk inda yake dogo a misalan kalmomin Japananci, domin mai karatu ya gan shi.

Akwai kuma wani rabe-rabe da Murray Munro da Tracey Derwing, masu bincike a Kanada, suka fito da shi a 1995, wanda ya warware rabin ruɗanin. Sun sa masu Turanci sun saurari maganar 'yan Sin da suka koyi Turanci, sun rubuta abin da suka ji, sannan sun ba da maki. Sai aka ga abubuwa uku ne daban: yadda magana ta yi kama da ta baƙo, yawan abin da aka fahimta daga cikinta, da wahalar da aka sha kafin a fahimta. Sau da yawa maganar da aka ce baƙuntarta ta yi ƙarfi an rubuta ta daidai ba kuskure. Ke nan mutum na iya zama baƙo sak a kunne amma a gane shi ba wahala. Duk muhawarar da ta cakuɗa waɗannan uku ba za ta kai ko'ina ba.

Lokaci kafin komai

Wanda ya ga sunan Tokyo a jarida zai ƙirga gaɓa biyu ko uku. Mutumin birnin bugu huɗu yake ji: to-o-kyo-o. Osaka ma huɗu ce, o-o-sa-ka, Kyoto uku, kyo-o-to, sunan ƙasar kansa, Nippon, huɗu ne, ni-p-po-n. Dogon wasali bugu biyu ne, baƙi mai shadda yana da bugunsa na kansa ko da shiru ne kawai ake ji a wurin, haka ma n da ke rufe gaɓa. Waƙar haiku da aka sani da tsarin 5-7-5 waɗannan bugun take ƙirgawa, ba gaɓoɓi ba. Wanda ya taƙaita bugu ɗaya bai yi ɗan kuskuren lafazi ba, wata kalma ya faɗa. Obasan inna ce ko goggo, obaasan kaka ce. Shujin miji ne, shuujin fursuna. Oto sauti ne, otto miji. Kite na nufin zo, kitte kan sarki. Byooin asibiti ne, biyooin wurin gyaran gashi. Kinen tunawa ne da wani abu, mai bugu uku, kin'en hana shan taba ne, mai bugu huɗu. Irin waɗannan tagwayen ba 'yan misalan da malamai suka tsinto don ban dariya ba ne. Japananci ya aro ɗimbin kalmomi daga Sinanci, ya daddatse sautukansu har suka yi ta kama da juna, sai tsawo ya zama ɗaya daga cikin 'yan abubuwan da suka rage masu raba su.

Kusa da wannan akwai abin da ake kira museika, wato dushewar wasali. Idan i ko u suka faɗo tsakanin baƙaƙe marasa ziza kamar k, s, sh, t da h, ko a ƙarshen magana bayan irinsu, tantanin maƙwallato ba ya karkarwa, sai wasalin ya koma raɗa. Shi ya sa desu da masu suke fita kamar des da mas a Tokyo, suki kamar ski, shita kamar shta. Sai dai bugun yana nan, ba a share shi ba, kuma nan ne ɗalibai ke rabuwa gida biyu: masu cika wasalin da ƙarfi da masu haɗiye shi da bugunsa gaba ɗaya. Baƙaƙen da aka fi yi wa ɗalibi gargaɗi a kansu, wato r mai taɓa hanƙa sau ɗaya, da f ɗin fu da ake hurawa tsakanin leɓɓa ba tare da haƙora ba, da wasalin u da ba a turo baki sosai wajen faɗarsa, duk suna da muhimmanci, amma kuskure a kansu bai cika juya ma'ana ba.

Hawa da saukar murya

Japananci ba ya danna gaɓa da ƙarfi kamar Turanci. Abin da yake yi shi ne ɗaga murya da sauke ta, kuma Japanawa na kiran wannan tsari akusento, kalmar da suka aro. A karin Tokyo dokokin kaɗan ne. Bugu na farko da na biyu ba sa zama a mataki ɗaya idan an faɗi kalma ita kaɗai. Murya na iya faɗuwa sau ɗaya tak a cikin kalma, kuma in ta faɗi ba ta sake tashi. Don haka abin da ake bukatar sani game da kowace kalma guda ne: ina muryar ke faɗuwa, ko kuwa ba ta faɗuwa? Daga nan aka sami sigogi huɗu: atamadaka mai faɗuwa bayan bugun farko, nakadaka mai faɗuwa a tsakiya, odaka mai faɗuwa bayan bugun ƙarshe, da heiban, shimfiɗaɗɗiya, wadda ba ta faɗuwa. Misalin da kowane littafi ke kawowa shi ne hashi. In an fara sama aka sauko, tsinkayen cin abinci ne. In an fara ƙasa aka hau, ko gada ko gefe, kuma ba a raba su sai an liƙa ɗan harafin ga mai nuna aikau: bayan gada muryar na faɗuwa a kan ga, bayan gefe tana zama a sama. Haka ame, ruwan sama ko alewa, da hana, fure ko hanci.

Wannan tsari ba ya da yawan da ake tsoro. Kusan rabin sunaye shimfiɗaɗɗu ne. Aikatau da sifa aji biyu kawai suke da shi, masu faɗuwa da marasa faɗuwa, sauran kuma doka ce ke tafiyar da shi. Kalmomin aro daga Turai galibi suna faɗuwa ne bayan bugu na uku daga ƙarshe. Haɗaɗɗun sunaye suna narkewa su zama masu faɗuwa ɗaya: Tookyoo shimfiɗaɗɗiya ce, daigaku, wato jami'a, ita ma haka, amma in aka haɗa su sunan Jami'ar Tokyo sai murya ta faɗi bayan da. Wannan misali na ƙarshe yana nuna babban aikin karin, wanda ya wuce raba tagwayen kalmomi: shi ke gaya wa mai sauraro inda kalma ta fara, inda ta ƙare, da waɗanne kalmomi ne suka dunƙule suka zama abu guda.

Dalilin da kunne ke toshewa

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma masana sun gano lokacin da hakan ke farawa. Janet Werker da Richard Tees sun nuna a 1984 cewa jariran gidajen masu Turanci 'yan wata 6 zuwa 8 suna rarrabe wasu sautukan Hindi da iyayensu ba sa iyawa, amma kafin su cika shekara yawancinsu sun daina. Tun kafin nan, a littafinsa da ya fito a 1939, Nikolai Trubetzkoy ya bayyana tsarin sautin harshen uwa da cewa matata ce da duk abin da mutum ya ji sai ya bi ta cikinta. Wanda harshensa bai damu da tsawon wasali ba yana jin obasan da obaasan a matsayin abu ɗaya, ba don kurumta ba, sai don ƙwaƙwalwarsa ta saba zubar da wannan bambanci. Abin da ba a ji ba kuwa ba a iya kwaikwayonsa, ko an maimaita sau dubu. James Flege ya ƙara wani abu mai muhimmanci: sautin da ya yi kama da na gida ya fi baƙon sauti wuyar gyaruwa, domin kunne na saurin cewa ai na san wannan, ya daina saurare.

Rubutu ya ƙara wa matsalar nauyi. Tsarin roomaji da ya fi yaɗuwa yana ɗauke da sunan James Curtis Hepburn, likita ɗan mishan daga Amurka wanda ƙamusunsa ya fara fitowa a 1867. Tsarin yana ɗora layi a kan dogon wasali, amma jaridu da taswirori da fasfo sukan yar da layin, har sunayen iyali biyu daban, Ono da Oono, su koma iri ɗaya a takarda. Kana tana nuna tsawo da shadda, amma ba ta nuna karin murya ko kaɗan, ba ta nuna dushewar wasali, kuma tana da nata tarkon: ana rubuta ou a karanta oo, ana rubuta sensei a faɗi sensee, harafin ha mai nuna abin da ake magana a kai ana karanta shi wa. Ga kuma jarrabawa. JLPT, babbar jarrabawar ƙwarewa a Japananci da aka fara a 1984, mai matakai biyar daga N5 zuwa N1 tun 2010, tana gwada kalmomi da nahawu da karatu da saurare, amma ba ta sa kowa ya buɗe baki. Abin da ba a jarrabawa a kai kuwa shi malami ke fara tsallakewa idan lokaci ya ƙure. Japanawa kansu ba su cika gyara wa baƙo ba; yabon nan na nihongo joozu desu ne, wato ka iya Japananci, ana yi wa wanda ya iya gaisuwa kawai.

Inda mai jin Hausa ya tsaya

Nan ne batun ya shafe mu kai tsaye, domin da yawa daga cikin darussan furucin Japananci an tsara su ne don masu Turanci, kuma matsalolinsu ba namu ba ne. Hausa na da wasula biyar, kowanne da dogo da gajere: gari na mutane daban, gari na tuwo daban. Tana da shadda mai canza ma'ana, kamar mana da manna. Tana da karin sauti: wuya na jiki da wuya ta wahala, kuka na hawaye da kuka ta miya. Marubuta waƙoƙinmu suna auna gaɓa mai nauyi da marar nauyi, wanda shi ne ƙirgen haku da wani suna. Ganɗantawar da ke mai da fasa ta koma fashe, sata ta koma sace, ita ce ke mai da hanasu ta koma hanashimasu, matsu ta koma machimasu. N ɗinmu na komawa m kafin b, yana komawa can baya a ƙarshen kalma kamar a nan da can, kuma haka n ɗin shinbun, wato jarida, yake yi. F ɗin Kano da ake hurawa da leɓɓa ya fi na Turanci kusa da fu. Ko cusa wasali cikin kalmar aro, kamar yadda muka yi da burodi da asibiti, haka Japanawa suka yi da teeburu, wato tebur. Ɗalibin da ya taso da Hausa ya zo da kunnen da Ba'amurke zai yi watanni yana nema.

Sai dai gargaɗin Flege ya fi shafar irin wannan ɗalibi. A Hausa e da o da ke tsakiyar kalma a buɗaɗɗiyar gaɓa dogaye ne, don haka baki zai so ya ja su. Koko na Japananci, mai nufin nan, gajere ne duka biyu. In aka ja shi kamar kokon karin kumallo, an faɗi kookoo, makarantar sakandare. Toru ɗauka ne, tooru wucewa. Ts ɗinmu tunkuɗau ne, daga maƙwallato ake tunkuɗo shi, nasu kuwa t da s ne a haɗe da iskar huhu, kuma wanda ya gudu daga namu ya faɗa s zalla ya mai da tsuki, wata, ta koma suki, so. Hausa ba ta jera wasula sai a ai da au, tana raba su da hamza kamar a sa'a, alhali Japananci na jera su sumul: aoi shuɗi, ue sama, ie gida. P ba shi da gurbi nasa a Hausa, amma yana cikin sunan ƙasar Japan, Nippon, da shadda. Ra-gare, wanda ake karkaɗa harshe, a kunnen Japanawa na 'yan daba ne a fim ko na mai faɗa. A wajen kari kuma, Hausa na ba kowace gaɓa nata, tana yarda murya ta sauka ta sake hawa a kalma ɗaya kamar a karanta, abin da Tokyo ba ta yarda da shi ba. Kuma da yake boko bai saba mana rubuta tsawo ko kari ba, Bahaushe yana amfani da su ne ba tare da ya san sunansu ba. Ilimin furuci a wurinsa bai zo da sabon abu ba, yana nuna masa abin da ke bakinsa ne don ya iya sarrafa shi da gangan.

Hujjojin masu ja

Hujja mafi ƙarfi ita ce mahallin magana na warware komai: ba wanda zai miƙo maka gada a wurin cin abinci. Masu wannan ra'ayi suna da lissafi a hannu. Binciken Shibata Takeshi da Shibata Ritei na 1990 ya nuna kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai na kalmomi masu sauti ɗaya karin ke rabawa a Japananci, alhali a Sinanci abin ya kai kusan kashi 71. Suna kuma nuni da Japan kanta: a Kyoto da Osaka hashi ta gada ce ke farawa sama, ta tsinkaye ta fara ƙasa, akasin Tokyo, sannan a sassan Ibaraki, Tochigi, Fukushima da wani yanki na Kyushu kari ba ya raba kalmomi sam, kuma duk ana fahimtar juna. Wannan gaskiya ce, kuma ta isa ta rushe da'awar masu cewa in ba kari ba Japananci. Amma ba ta kai inda ake son kai ta ba. Anne Cutler da Otake Takashi sun nuna a 1999 cewa Japanawa na amfani da kari tun daga gaɓar farko wajen tsinkayar kalmar da ke zuwa. Kari mara kyau yana tura mai sauraro hanyar da ba ita ba, sai ya dawo ya gyara. Yana fahimta, amma da ƙarin aiki, kuma aikin na taruwa a doguwar hira ko a waya. Mutumin Osaka yana bin tsari ne tabbatacce wanda kunne ya saba da shi daga talabijin, baƙo kuwa yau nan gobe can. Sannan hujjar gaba ɗaya a kan kari take, ba ta ce komai ba game da tsawo da shadda. Abin da ta koyar shi ne jeri: lokaci a gaba, kari a baya.

Hujja ta biyu ita ce shekaru. Tun littafin Eric Lenneberg na 1967 ake cewa akwai ƙofar da ke rufewa wajen balaga. Flege da Munro da Ian MacKay sun duba 'yan Italiya 240 da suka yi ƙaura zuwa Kanada a shekaru daban-daban, a binciken da ya fito a 1995, suka ga baƙuntar lafazi na ƙaruwa da shekarun isowa, amma a hankali, ba kamar ƙofar da aka bugo ba. Babba da wuya ya kai a kasa gane shi baƙo ne, wannan kam haka yake. Gyaruwa kuwa tana yiwuwa, kuma shaida mafi kyau daga Japanawa ta fito. Matsalarsu da r da l na Turanci sananniya ce. A 1991 John Logan da Scott Lively da David Pisoni sun horar da manya Japanawa ta hanyar saurarar tagwayen kalmomi daga bakuna daban-daban, ana gaya musu nan take ko sun dace, kuma jinsu ya ƙaru. A 1997 Ann Bradlow da abokan aikinta suka nuna cewa irin wannan horon kunne zalla ya gyara har furucinsu, ba tare da an koya musu motsa harshe ba.

Akwai masu cewa yaro ba ya karanta ilimin furuci, a shiga cikin mutane kawai. Amsar tana wurin duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi. Mutum na iya shekara talatin yana jin karatu yana yi, bai taɓa raba sin da sad ba, bai san maddar da ake ja haraka biyu da wadda ake ja shida ba, sai ranar da aka nuna masa mafitar harafi aka sa shi ƙirga da yatsa. Bayanin bai maye gurbin saurare ba, ya sa sauraren ya fara amfani ne. Baƙin da suka shekara ashirin a Japan da kurakuran shekararsu ta farko su ne hujjar cewa zama kaɗai ba ya yi.

Hujja ta ƙarshe ta shafi mutunci, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Karin da ake koyarwa ba daga sama ya sauko ba. A 1895 masanin harshe Ueda Kazutoshi ya yi kira da a kafa hyoojungo, daidaitaccen harshe, aka gina shi a kan maganar masu ilimin Tokyo, makaranta da rediyo suka yaɗa shi. A Okinawa har allon horo ake rataya wa yaron da ya yi harshen gida a makaranta. Wanda ya san wannan tarihi yana da dalilin ƙyamar duk maganar goge lafazi. Amma akwai tazara tsakanin tilasta wa ɗan ƙasa ya bar harshen iyayensa da baƙon da ya zaɓi koyon wani harshe yana neman ya yi shi yadda za a ji daɗin saurarensa. Ana zaɓar karin Tokyo ne don shi ke da ƙamus da darussa, kuma ana gane shi ko'ina, ba don ya fi na Osaka daraja ba. Wanda zai zauna a yankin Osaka da Kyoto ya ɗauki na can, bai yi laifi ba, muddin bai gauraya su ba.

Abin da ke biyo baya

In an yarda kunne ne kan gaba, tsarin karatu zai canza. Za a bar roomaji da wuri a koma kana. Za a fara da saurarar tagwayen kalmomi daga muryoyi da yawa, maza da mata, masu sauri da masu jan magana, domin dogon wasalin mai sauri na iya gajarta fiye da gajeren mai nawa, kuma abin da ake koyo shi ne gwargwado. Za a riƙa buga haku da yatsa. Za a haddace kowane sabon suna tare da ga a bayansa, tunda nan ne odaka ke bayyana. Kayan aiki suna nan: ƙamusun kari na gidan rediyo da talabijin na NHK, wanda ya fara fitowa a 1943 kuma bugunsa na 2016 ke ɗauke da kalmomi kusan 75,000, OJAD, ƙamusun intanet na kyauta daga Jami'ar Tokyo mai zana layin murya a kan jimla, da Praat, manhajar kyauta da Paul Boersma da David Weenink suka ƙera a Jami'ar Amsterdam, wadda ke nuna wa mutum hoton muryarsa ya gwada da ta ɗan gida. Dabarar shadooingu, wato bin mai magana a baya-baya ana maimaitawa, wadda aka aro daga horon tafintoci, tana da amfani, amma bayan an san abin da ake saurare, in ba haka ba kuskure ake ƙara dasawa. Malaman Japan kan ja hankali ga jimla gaba ɗaya: kowane yankin magana yana hawa da wuri ya gangaro a hankali, siffar harafin he na hiragana, kuma baƙon da ke sake ɗaga murya a kan kowace kalma ana jinsa kamar mai jaddada komai.

Haɗarin wuce gona da iri ma gaskiya ne. Ɗalibin da ya mai da kari abin tsoro yakan daina magana, ya yi ta duba ƙamus alhali kalmominsa ba su kai ya yi hirar minti biyar ba. Kuma karin da yake bi ba a tsaye yake ba: matasan Tokyo suna shimfiɗe kalmomin da iyayensu ke faɗa da faɗuwa, kamar kareshi, saurayi, kuma NHK ta sauya karin kalmomi da dama a bugun 2016 don bin yadda ake magana. Inda furuci ya fi tasiri shi ne inda mai sauraro ba shi da ƙarfin cike giɓi. Tun 2008 Japan ke karɓar ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi daga Indonesiya, daga 2009 Filifin, daga 2014 Biyetnam, sannan a 2019 ta buɗe sabuwar biza ta ma'aikata masu sana'a. Tsohuwa mai raunin ji a gidan kula da tsofaffi, ko abokin aiki a masana'anta mai ƙarar inji, ba su da damar tsayawa su yi tunanin ko kite aka ce ko kitte. Ɗalibin Afirka da ya je da tallafin karatu na gwamnatin Japan, ko da darussansa da Turanci ne, a asibiti da ofishin unguwa da wajen neman aiki da Japananci zai yi. Nauyin ba a kan baƙo kaɗai yake ba. Bayan girgizar ƙasar Kobe ta 1995, inda baƙi da yawa suka kasa gane sanarwar gaggawa, aka fara tsara yasashii nihongo, sassauƙan Japananci mai gajerun jimloli da kalmomin yau da kullum, kuma yanzu ƙananan hukumomi da dama suna horar da ma'aikatansu a kansa don yi wa baƙi magana a kanta da a takarda.